Takardar Dubawa: Amfaninta ga Bincike da Sa Ido kan Aiki a Ƙasar Haɗeja

 



An ce in yi magana a kan wata takarda da sau da yawa ko shafi ɗaya ba ta cikawa. Ita ce wadda ake jera abubuwan da ya wajaba a duba, ɗaya bayan ɗaya, mai dubawa yana sa alama a gaban kowanne. Ma'aikatan asibiti sun san ta, masu zagayen rigakafi sun san ta, haka ma jami'an da ke zuwa duba makarantu. Zan riƙa kiranta takardar dubawa. Na san a cikinku akwai waɗanda da jin haka suka ce a ransu, “Wani fom ɗin kuma!” Ba ku yi laifi ba, an gajiyar da mu da cike-cike. Amma ina fata kafin mu tashi ku yarda da ni a kan abu ɗaya: darajar wannan takarda tana ga a bar ta ta ce “a'a”, kuma a sami wanda zai miƙe tsaye idan ta faɗa.

Ranar 30 ga Oktoba 1935, a wani filin jirgin soja da ke Dayton a jihar Ohayo ta Amurka, aka fito da sabon jirgin yaƙi mai inji huɗu na kamfanin Boeing don gwaji. Jirgin ya tashi, ya ɗaga hanci fiye da kima, ya rikito ƙasa ya kama wuta. Mutum biyu suka rasa ransu, ciki har da matuƙin, Manjo Ployer Hill, wanda shi ne babban mai gwajin jirage a wurin. Da aka bincika ba a sami aibi a ƙirar jirgin ba. Akwai wani makulli da ake riƙe wutsiyar jirgi da shi idan yana ajiye, don kada iska ta riƙa kaɗa ta, to shi aka manta ba a saki ba. Ku lura, gwani ne abin ya faru a hannunsa. Ƙarin horo ba zai yi maganin irin wannan ba, don a cikinsu babu wanda ya fi Hill horo. Sai abokan aikinsa suka rubuta ɗan kati: abin da za a duba kafin tashi, da kafin sauka, da bayan sauka. Jirgin nan shi ya zama B-17, aka ƙera sama da 12,000, kuma har yau babu jirgin fasinja da ke tashi daga Kano ko Dutse ba tare da matuƙa biyu sun karanta wa juna irin wannan kati ba.

An daɗe kafin asibiti ya ara. A 2001 wani likita a asibitin Johns Hopkins, Peter Pronovost, ya damu da yadda ƙwayoyin cuta ke shiga jinin marasa lafiya ta siririyar robar da ake zurawa cikin babbar jijiya. Ya rubuta abubuwa biyar kacal: a wanke hannu, a goge fatar da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a lulluɓe majinyaci da tsabtataccen ƙyalle, likita ya sa hula da takunkumi da riga da safar hannu, a rufe wurin da bandeji mai tsabta. Babu likitan da bai san waɗannan ba. Duk da haka da aka sa nas-nas suka lura, sai ga shi a cikin majinyata uku, fiye da ɗaya an tsallake masa aƙalla mataki guda. Abin da Pronovost ya yi daga nan shi ne ya sa hukumar asibiti ta ba nas ikon tsayar da likita idan ya tsallake mataki. Da aka kai tsarin sassan kulawa ta musamman 103 a jihar Michigan, sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna irin wannan cuta ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku.

Wannan batu na ba nas iko ya shafe mu ƙwarai. Mu mutane ne masu kunya da girmama na gaba, kuma abu ne mai kyau. Amma ku ɗauki yarinyar da ta fito daga makarantar koyon jinya bara, tana tsaye kusa da likitan da ya haife ta, ta ga bai wanke hannu ba. Da wane baki za ta faɗa? Idan akwai takarda a hannunta, kuma shugaban asibiti ya ce a karanta ta a bayyane, sai ta ce, “Ranka ya daɗe, layi na ɗaya, wanke hannu.” Takarda ce ta tambaya, ita karantawa kawai ta yi. Ba ta yi rashin kunya ba, shi ma bai ji an ci masa fuska ba.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tiyata mai layi 19, ana tsayawa a karanta ta sau uku: kafin a sa majinyaci barci, kafin wuƙa ta taɓa fata, da kafin a fitar da shi daga ɗakin. A ciki har da kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, da ƙirga auduga da almakashi kada a ɗinke mutum da su. An gwada ta a asibitoci takwas, daga Landan da Toronto har Ifakara ta Tanzaniya. Mace-mace bayan tiyata suka sauko daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8, matsalolin da ke biyo baya daga kashi 11 zuwa 7. Ku riƙe waɗannan alƙaluma, zan dawo in ɗan ɓata muku su.

Yanzu mu dawo gida, mu duba ɗaya aikin takardar, wato bincike.

Ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar Haɗeja ya taso ne daga kogin Kano da na Challawa, ya bi ta Wudil da Ringim, ya iso mana, sannan ya rarrabu a fadamun Kirikasamma da Guri zuwa Nguru, kafin ya haɗu da na Jama'are a wajajen Gashuwa ya nufi tafkin Chadi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, hawa da saukar ruwan nan ya daina zama na damina kaɗai, hannun mutum ya shigo ciki. Ƙasa ce da ba ta tsayawa wuri ɗaya. Inda aka yi su bana, baɗi a shuka alkama, wata shekara a tarar da shi kachala ta shafe. A irin wannan wuri ƙwaƙwalwa ba abin dogaro ba ce. Ku tambayi dattawa biyar ko ruwan 2022 ya fi na 2012 tsawo a ƙofar gidansu, ku sha musu har magariba, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Masu ƙidayar tsuntsaye sun daɗe da gane haka. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama a tsakiyar watan Janairu, lokacin da baƙin tsuntsaye daga Turai suka sauka a wurare irin namu suna gudun sanyi. Aikin kare fadamun Haɗeja da Nguru da aka kafa a 1987, da hannun ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya da gidauniyar NCF ta Najeriya, ya yi irin wannan ƙidaya shekara da shekaru. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shiga jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar shi ne wuri ya kasance yana ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai. “A kai a kai” kuwa ba a tabbatar da shi da rantsuwa, sai da takardun shekaru a jere. Tafkin Nguru da mashigin Marma sun shiga jerin a 2000, Baturiya ta shiga a 2008.

Mene ne ya bambanta wannan ƙidaya da yawon buɗe ido? Mai yawon buɗe ido abin da ya burge shi yake rubutawa. Ya ga gauraka, ya yi murna, ya rubuta. Ya ga balbela ɗari, ko a jikinsa. Mai takardar dubawa kuwa an riga an jera masa sunayen, dinya, kirinjijiya, zalɓe, shamuwa, kwasakwasa, balbela, kuma dole ya ba kowanne amsa. Amsoshin nan uku ne, ina roƙon ɗalibai su rubuta: na gani, ga adadi; na duba ban gani ba; ban duba ba. Mafi yawan binciken da ke lalacewa a hannun ɗalibanmu a nan yake lalacewa, domin na biyu da na uku duk sarari ake bari. Wanda zai karanta bayan shekara goma ba shi da hanyar sanin ko tsuntsun ne babu, ko mai binciken ne rana ta dame shi ya koma gida. Sifili da aka rubuta da hannu bayan an duba sakamako ne cikakke, wani lokaci ma shi ne mafi tsada a takardar.

Ga misalin da kowa ya sani. Duk wanda ya haura shekara arba'in a nan ya tuna lokacin da ungulu ke cika mahauta, tana tsalle-tsalle a gefen masu fawa, yara na jifanta. A 2015 IUCN ta sa irin wannan ungulu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Wace shekara ta fara ja baya a kasuwarmu? Kowa a ɗakin nan zai ba da tasa amsar, domin abin da ido ya saba da shi hannu ba ya rubuta shi. Da a ce akwai mutum guda da ke tsayawa a mahauta duk ranar kasuwa da layin ungulu a takardarsa, yau da muna da tarihin abin, wata da wata.

Shi ya sa tsarin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar APLORI ta Jos ta fara a 2015, ya tsaurara ƙa'ida. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara a tsaye da kwance. Kafin a karɓi takardarka a matsayin cikakkiya sai ka yi aƙalla awa biyu kana dubawa a cikin gidan, ka rubuta duk wanda ka gane, har da tattabara da gwara. Da haka ne takardar mutumin Baturiya da ta mutumin Ibadan za su zauna a ma'auni ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga saman takarda, inda ake yawan rainawa: kwanan wata, lokacin farawa da na gamawa, mutum nawa suka duba, ta wace hanya, a ƙafa ko a kwalekwale. A wurinmu sai a ƙara layi biyu, tsawon ruwa da hazo. Janairu tsakiyar hunturu ne. Ranar da hazo ya sauka ba ka hango tsallaken tafki, sai ka ƙirga agwagi kaɗan, wanda bai san dalili ba ya ce sun ragu. Haka abin yake ga kifi. Idan ɗalibi zai tsaya a kasuwar kifi ta Haɗeja ya rubuta tarwaɗa, karfasa, kurungu, bargi, gaiwa, giwan ruwa, sai ya rubuta daga wane ruwa aka kawo da kuma da wane kayan su aka kama, mali ne ko taru ko ƙugiya. In ba haka ba, kifin kududdufin kiwo zai shige cikin lissafin na kogi, a ce kogi ya yi albarka.

Kuma don Allah a daina sauya tambayoyi kowace shekara. Ɗalibi ya zo ya tsara nasa jerin, ya kare digiri, ya tafi. Na bayansa ya ga kamar gazawa ce ya yi amfani da na wani, sai ya ƙirƙiro sabo. Bayan shekara goma muna da kundi goma a kan fadama ɗaya, babu biyun da za a iya gwama su. Malamai masu duba kundi, wannan a wuyanmu yake. Idan an ga dole a ƙara tambaya, a ƙara ta a ƙasa, a bar tsofaffin yadda suke.

Kada wani ya ce wannan duk wasan 'yan boko ne. A 1991 masana uku, Barbier da Adams da Kimmage, suka lissafa abin da fadamar nan ke bayarwa ta noma da su da itacen wuta, suka gwama da abin da babban aikin noman rani na kogin Kano ke bayarwa. Lissafin ya nuna cewa idan aka auna da yawan ruwan da aka sha, fadama ta fi riba nesa ba kusa ba. Har yau ana kafa hujja da wannan aiki a duniya idan ana maganar rabon ruwa tsakanin na sama da na ƙasan kogi. Ba a iya irin wannan lissafi sai da bayanan da wasu suka tattara a gona da bakin ruwa, buhu buhu, kwando kwando.

To, na ce zan ɓata muku alƙaluman tiyata. A 2010 lardin Ontariyo na Kanada ya wajabta wa asibitocinsa takardar tiyata. Asibitoci suka riƙa ba da rahoton cewa ana cikawa kusan ɗari bisa ɗari. Da aka bincika asibitoci 101, sakamakon da ya fito a 2014 bai nuna wani sauyin a zo a gani ba a mace-mace. Doka ta sa an cika takarda, ba ta sa an tsaya an karanta ba. Na Indiya ya fi wannan ciwo. A jihar Uttar Pradesh an gwada takardar haihuwa lafiya ta Hukumar Lafiya ta Duniya a asibitoci 120, rabi da takarda da masu koyarwa, rabi babu. A nan kam ma'aikata sun gyara aiki da gaske: inda ake da takarda ana yin kusan kashi 73 cikin ɗari na matakan da ake buƙata, inda babu kusan kashi 42. Amma da aka buga sakamakon a 2017, mutuwar uwaye da jarirai ba ta bambanta ba. A nawa ganin dalilin a fili yake. Takarda za ta gaya wa ungozoma cewa jini ya yi yawa, a tura mace babban asibiti. Ba za ta zama jini a firji ba, ba za ta zama mota ba. Ku ɗauki ƙauyen da ke bayan ruwa a Guri cikin watan Satumba, hanya ta yanke, ku gaya mini amfanin layin da ya ce “an tura ta?” idan ba a tanadi kwalekwale ba.

Sai kuma cutar da muka fi sani, cika fom a gindin bishiya. An tura mutum ƙauyuka takwas, an ba shi kuɗin man da zai kai shi uku, an kuma ce gobe da safe a kawo takardu takwas. Me ake jira? Ko kuma wanda ya rubuta gaskiya, ya ce firjin rigakafi ya mutu, sai a kira shi ofis a yi masa faɗa, wanda ya rubuta “lafiya lau” a yaba masa. Wata biyu ya isa kowa ya koyi darasi. Shugaban da ke fushi da “a'a” shi da kansa yake koya wa ma'aikatansa ƙarya, kuma shi za a fara yi wa. Takardar ƙarya ba ta da wuyar ganewa ga mai so ya gane: biro ɗaya, hannu ɗaya, babu gogewa, babu ƙura, kowane layi “e”, kuma an ziyarci wurare biyu masu nisan awa guda a cikin minti goma. Idan takardu ɗari suka zo maka babu “a'a” ko ɗaya, kada ka yi hamdala tukuna, ka hau babur.

Masu yaƙi da shan inna sun sha wannan, kuma sun samo dabara. Bayan masu ɗiga magani sun gama zagaye sun kawo alƙalumansu, sai a turo wasu dabam waɗanda ba su da hannu a aikin. Su zaɓi unguwanni shida a ƙaramar hukuma ta hanyar ƙuri'a, yara goma a kowacce, su duba yatsa ko akwai tawadar rigakafi. Yara 60 ke nan. Idan waɗanda aka tsallake suka wuce adadin da aka yanke, ƙaramar hukuma ta faɗi, a sake zagaye. Tambaya ɗaya ce, idonka ne shaida, kuma amsar tana da abin da ke biyo bayanta. Najeriya ta ga shan inna na daji na ƙarshe a 2016 a Borno, aka ba Afirka shaidar rabuwa da shi a watan Agusta 2020. Ba wannan dabara kaɗai ta yi aikin ba, sarakuna da malamai da mata masu shiga gida-gida sun yi nasu, amma ita ta hana a ruɗi kai.

Bari in sauko kan abin da ya fi hana mutanen garin nan barci, wato jinga. Kowa ya ga yadda aka kwana ana cika buhuna a 2022. Jarumta ce, Allah ya saka wa matasanmu. Sai dai jinga ba a daren da ta ɓalle take fara ɓallewa ba, tana ba da alamu tun da sauran lokaci, kuma alamun ba su buƙatar injiniya kafin a gan su.

Idan za mu rubuta mata takarda, kada mu tambaya “Jinga tana da kyau?” Wannan ra'ayi ake nema, kuma Bahaushe ba ya cewa abu ba kyau a gaban manya. A tambayi abin da ido zai gani, hannu ya taɓa. Akwai tsagar da yatsa zai shiga? Akwai ramin gafiya ko na ɓera? Akwai inda shanu suka mayar mahaya har ya lotsa? Akwai inda ake ɗiban ƙasa a gindinta don yin bulo? Akwai bishiyar da ta mutu a jikinta, wadda saiwarta za ta ruɓe ta bar hanya? Nawa ya rage tsakanin ruwa da samanta? Wannan na ƙarshe kada a auna shi da taƙi ko kamu, don hannu ya bambanta. A kafa sanda mai fenti da lamba a wurare sanannu, kowa ya karanta abu ɗaya.

Layi mafi muhimmanci shi ne na ruwan da ke tsatsowa ta bayan jinga, ta ɓangaren gari. Idan garau yake fitowa, a sa masa ido. Idan da laka yake fitowa, to cikin jingar yake kwashewa, yana sassaƙa hanya, kuma wannan ba ya jiran safiya. Injiniyoyi ba sa toshe bakin irin wannan ɓuɓɓuga, don ruwan zai nemi wata mafita kusa. Zagaye ta suke yi da buhunan ƙasa kamar rijiya, ruwan ya taru a ciki ya rage ƙarfin fitowa har ya koma garau. Wannan bayani a rubuta shi a bayan takardar da manyan baƙaƙe.

Layuka goma sun isa, a Hausa, da boko da ajami, don wanda ya fi sanin jingar wataƙila allo ya yi. Duk abin da ba zai kashe mutum ko ya rushe gida ba a cire shi. Takarda mai layi sittin, na farko goma ake dubawa, sauran a bi su da biro. A yanke lokutan dubawa: sau ɗaya a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da gyara ke da sauƙi kuma ƙasa a bushe; mako-mako idan ruwa ya fara hawa; kullum safe da yamma daga ƙarshen Agusta har ya ja baya. Kuma a tafi mutum biyu. Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan. Ranar da aka kawo lefe babu wadda ke shiga ɗaki ita kaɗai ta fito ta ce ya cika. A tsakar gida ake buɗe akwati, wata ta ɗaga ta faɗa, sauran su gani su amsa. Haka za a yi a kan jinga, ɗaya ya karanta da ƙarfi, ɗaya ya duba ya amsa.

Sannan a gefen kowane layi a bar gurbi uku: wa aka gaya wa, yaushe, me ya yi. Idan an ga ramin gafiya, mai unguwa da matasa sun isa. Idan tsaga ce mai tsawo, hakimi da ƙaramar hukuma. Idan ruwa mai laka ne, a kira kowa a lokacin, har hukumar agajin gaggawa ta jiha da hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are. Lambobin wayarsu su kasance a kan takardar, a kuma gwada su tun cikin rani a ga suna shiga. Wannan tsari ɗaya zai yi wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a aikin noman rani na Auyo, wanda aka gyara da bashin Bankin Duniya: ƙofar ruwa tana buɗuwa tana rufuwa? Yashi ya kai ina a magudana? Gyara ya ci maƙudan kuɗi, kuma abin da ke cinye irin waɗannan ayyuka ƙananan ɓarna ne da ake gani ana wucewa.

Za a tambaye ni batun waya. E, manhajojin da ake cika fom da su suna rubuta lokaci da wurin da mutum ya tsaya, sun rage zaman gindin bishiya. A yi amfani da su inda da hali. Amma caji yana ƙarewa, sabis yana ɗaukewa, kuma sau da yawa idan aikin masu ba da tallafi ya ƙare, bayanan sun tafi da kwamfutar da ta tafi. A ajiye kwafin takarda a gari, a wurin da ruwa da gara ba sa kaiwa, a hannun wanda aka sani.

Akwai wata makantar da ke tattare da kowace takardar dubawa, kuma gara in faɗe ta. Abin da aka jera kaɗai take gani. Wanda ya tsara jerin matsalolin kogin nan kafin madatsun ruwa su sauya shi, da wuya ya ba kachala layi. Amma da aka fara sakin ruwa da rani, mashigan da a da suke bushewa suka daina, ciyawar ta sami wurin zama, ta tare laka, ta toshe hanyoyi, ruwa ya karkata inda ba a so, wasu gonaki suka nutse wasu suka bushe, jan-baki ya sami mafaka yana faɗa wa shinkafa. Masunta da manoma sun ga tahowarta tun kafin ta shiga rahoto. Saboda haka a ƙasan kowace takarda a bar layi buɗaɗɗe: me ka gani yau da ba a tambaye ka ba? Kuma kafin a buga takardar a kai ta gaban sarkin ruwa, da arɗo, da matan da ke bandar kifi da masu surfen shinkafa, a karanta musu, a ce me muka bari. Makiyayi zai ce ku sa burtali da mashaya. Ba zai zo a ranmu ba muna zaune a ofis.

Roƙona ga shugabannin sassa na Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Kwalejin Binyaminu Usman ta nan Haɗeja, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, shi ne ku zauna ku amince da takarda ɗaya ta jinga, ɗaya ta kifi, ɗaya ta tsuntsaye, ku raba wa ɗalibai wurare, kowane aji ya miƙa wa na bayansa. Iyayenmu masu unguwannin da ke bakin ruwa, ku ba mu mutum biyu-biyu da kuka yarda da su. Ku kuma shugabannin ma'aikatu, duk wanda ya kawo muku takarda mai “a'a”, ku fara yi masa godiya kafin ku tambaye shi komai. A fara zagayen farko kafin ruwan Mayu ya sauka.